Jan Biro a Kan "Wanga"

Malamar Argungu:
Assalamu alaikum. Yau a aji huɗu wata yarinya ta rubuta "wanga gari namu", na ja mata jan biro na sa "wannan". Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kakata haka taka cewa, ita ma ta yi kuskure?" Har aka tashi ban samu amsa ba. Ku taya ni, amsa-amonmu "ya" ne.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa bawa basira da shiriya.

Ɗiyar mutane ta rubuta wanga,
Na soke shi da ja babu waiwaya.

Littafin aji da Hausar Kano
Aka tsara shi, aka buga a Zariya.

Mu ko bakin kogin Matan Fada muke,
Maganar gidanmu an mai da ita baya.

Na saba ce musu ku yi shiru,
Yau nawa shirun ya ba ni kunya.

Ɗan Kamba:
Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama. Ni a bakin iyaka aka haife ni. Ingila da Faransa sun fara yanka ƙasar nan a takarda a 1890, suka yi ta gyara layin har 1906, mu muka gāji abin.

Malama, jan bironki ƙarami ne,
An ja wanda ya fi shi a duniya.

Turawa sun shimfiɗa taswira,
Suka ja layi babu tambaya.

Kamba ta faɗo ta wannan gefe,
Gaya can, alhali kasuwarmu ɗaya.

Arawan Dogon Dutse na Nijar,
Na Kangiwa kuma na Nijeriya.

Ɗan baffana lakwal ya shiga,
Ni boko, kowa da tasa hanya.

Shi ya ce mushe, ni na ce ticha,
Sefa da naira kowa ke biya.

In mun zauna kan tuwon shinkafa,
Wanga muke cewa gaba ɗaya.

Kalmar nan ba ta san shinge ba,
Ta ƙetare, ba wanda ya ce ta tsaya.

Tsohon Gwandu:
'Yata Malama, ɗana na Kamba, Allah shi yi muku albarka. Na koyar shekaru masu yawa kafin in aje alli, don haka bari in ɗan ja da ku.

Kafin biro akwai alƙalami,
Da tawada, da allo, da tarbiyya.

Malam Abdullahi na nan Gwandu
Ya bar littattafai cike da ma'ajiya.

Nana Asma'u da harsuna uku
Ta yi waƙa, mata na biya.

Sakkwato ta faɗi a 1903,
Boko ya zo, ajami ya sha wuya.

A 1933 aka sa gasar ƙaga labari,
Daga nan rubutun boko ya yi murya.

Sai dai kada ku zagi daidaitawa,
Ita ta ɗaure mu kamar tsintsiya.

Na Yawuri ya karanta na Haɗeja,
Ba tafinta, ba shan wuya.

Ki koya mata wannan don jarrabawa,
Kada dai ki ce kakarta ta yi ƙarya.

A zaure mun ji matambayi ba ya ɓata,
Wanda ya ɓata shi ne mai jin kunya.

'Yar Zuru:
Baba, ina gaisuwa, a gafarce ni in na yi tsallen baki. Ina karanta adabi a jami'a, kuma tun ɗazu zuciyata ke tafasa. Ku kuna kukan Hausar Kano ta danne Kabanci. Mu Lelna, masu harshen C'lela, waɗanda kuke kira Dakarkari, Hausar ce baki ɗayanta ta shige mana ɗaki.

Baba, tsintsiyar da ka yaba,
Mu ta share, mun koma baya.

Kakata da C'lela take mafarki,
Ni da Hausa nake sayarwa da saya.

Turanci na jira a ƙofar aji,
Harshe uku, ga ni ni ɗaya.

Ranar bikin Uhola in an ɗaga waƙa,
Rabi nake ji, rabi sai tambaya.

Achebe ya riƙe Turanci,
Ya lanƙwasa shi har ya ɗau nasa kaya.

Ngugi ya aje shi, ya koma Gikuyu,
Don manomi ya ji a can Kenya.

Dukansu ƙasar haihuwa suke nema,
Wadda aka sake wa suna jiya.

Ni in na ce zan rubuta Zuru,
Duwatsunta, dawarta da rijiya,

Da wane baki zan kira su,
Su amsa, su san ni ce ɗiya?

Tsohon Gwandu:
'Yata, ba ki yi tsallen baki ba. Na koyar da yaranku da dama, ban taɓa tambayar ko ɗaya yadda ake gaisuwa a gidansu ba.

Kin faɗi abin da ban hango ba,
Na karɓa, don ita ce gaskiya.

Malamar Argungu:
Baba, na gode. Ƙanwata ta Zuru, kin ƙara mini nauyi, don akwai yara biyu 'yan wajenku a ajina, kullum suna kujerar baya.

Ran Litinin zan raba allo biyu,
In rubuta su kusa, ba hamayya.

Wanga da wannan, mi da me,
Biyat da biyar, 'ya da ɗiya.

In ce wannan ta takardar jarrabawa,
Waccan ta kaka ce, ku riƙe ta lafiya.

Kowa ya je gida ya tambayo
Kalma uku wajen tsohuwa mai miya.

Yarinyar nan ita za ta fara,
Ta riƙe allin, ni in koma baya.

Ƙanwata, ki turo mini gaisuwar safe da C'lela kafin Lahadi, da yadda ake amsawa. Ki yi da murya, kada in karya ta a gaban yaran.

'Yar Zuru:
To Yaya. Amsar ce ban riƙe daidai ba, bari in kira kakata bayan Magariba, in ta dawo daga gona.

Ɗan Kamba:
Malama, ki bar wuri a allon. Ranar kasuwa zan ga ɗan baffana, zan karɓo muku ta Zabarmanci da ta Dandanci.