Na shiga darasin ilimin halayyar ɗan Adam, sai na tarar da karnuka da lissafi

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar aji biyu ce a firamare, shekara shida ke nan ina koyarwa. Watan jiya na fara karatun ƙarshen mako, kuma cikin darussan da aka ɗora mana akwai gabatarwa kan ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai ke kira saikoloji. Da murnata na shiga. A zatona za a koya mana yadda za ka dubi fuskar mutum ka gane ƙarya yake yi, ko in samu bakin zaren wani yaro a ajina da kullum yake benci na ƙarshe, ba ya magana, sai taunar gindin fensir.

To mako uku ke nan, abin da muka yi shi ne zanen ƙwaƙwalwa, da labarin wani Bajamushe Wilhelm Wundt da ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig a 1879, sai wani ɗan Rasha, Pavlov, da karnukansa masu dalalar da miyau. Jiya kuma malamin ya ce mu shirya, akwai lissafi a gaba. Lissafin da na gudu tun sakandare! Don Allah waɗanda suka taɓa yi, haka abin zai tafi har ƙarshe? Ko kuɗin mota kawai nake zubarwa duk Asabar?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin ba ni dariya, don ni ma haka na yi tsaki a kwalejin horon malamai. Amma karen Pavlov yana nan a makarantarku. Shi abin da ya lura da shi, idan aka riƙa yin wani sauti kafin a ba kare abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai ya isa ya sa miyau ya zubo. Gobe ki kalli yaranki idan aka kaɗa ƙararrawar tara: kafin su ga mai awara, hannu ya riga ya shiga aljihu. Haka kuma yaron da ya sha bulala a kan lissafi, da ya ga an rubuta lamba a allo gabansa zai faɗi, ko da malamin ya canja. Ke da kika ce kin gudu tun sakandare, ki tuna da kyau ko akwai wata dorina a cikin labarin.

Ki yi haƙuri ku kai kan Jean Piaget, mutumin Suwizalan, nan ne za ki ci ribar kuɗin motarki. Na gwada gwajinsa a kan jikata tana da shekara biyar. Na zuba zoɓo a kofi biyu iri ɗaya, ta yarda daidai suke. A gaban idonta na juye ɗaya a cikin doguwar kwalba siririya, na ce ta zaɓa. Caraf ta cafke kwalbar, wai ta fi yawa. Yayanta mai shekara takwas yana gefe yana ƙyalƙyala dariya, yana cewa ai juyewa kawai Kaka ya yi. A wajen Piaget, wajen shekara bakwai ne yaro ke tsallake wannan gaɓar, ko da yake wani kan riga wani. Shekarun 'yan ajinki ke nan. Shi ya sa wasu ba sa kama tarawa da ɗebewa sai kin zube musu tsakuwa ko murafen kwalba sun taɓa da hannunsu. Da can daƙiƙanci muke kiran wannan, Allah Ya yafe mana.

Ɗan Tsangaya:

Malama, ni babin mantuwa ne ya kama ni. Wani Hermann Ebbinghaus ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna kansa, ya wallafa sakamakon a 1885: mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. Da na ji haka sai na ce ai gardawa sun daɗe da sani, wanda ya wanke allo bai koma tilawa ba haddarsa zubewa take. Ki yi amfani da shi a kan darasin kansa: daren Asabar ki rufe littafi ki tambayi kanki, ki sake ranar Litinin, ki sake Alhamis.

Kuma idan kuka zo kan Sigmund Freud, likitan nan ɗan Ostiriya, kada ki tayar da hankalinki, akwai maganganunsa da masanan fannin da yawa suka ajiye. Ba a Turai kaɗai aka yi tunanin nan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya yi rubutu kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke saukar wa mutum haka kawai.

Nas a Zariya:

'Yar'uwa, mu ma mun yi shi a makarantar koyon jinya. Lissafin bai wuce matsakaici da kashi cikin ɗari da karanta jadawali ba, wanda kike yi duk ƙarshen zango wajen cika katin sakamako. Amfaninsa shi ne ki iya tambayar "mutum nawa aka gwada?" idan wani ya zo miki da zance a WhatsApp wai masana sun ce. Misali Solomon Asch a 1951: ya nuna wa mutane layuka ya ce su faɗi wanne ne tsayinsa ya yi daidai da na wani layi, amsar a fili take, amma ya haɗa baki da sauran na ɗakin su faɗi kuskure. Kusan uku cikin huɗu sun bi ayari aƙalla sau ɗaya. Ki tuna da wannan duk lokacin da kika ce "Kun gane?" aji ya amsa "Eeee!"

Gargaɗina ɗaya. Bayan zango guda mutum kan ji ya zama likitan ƙwaƙwalwa, ya fara laƙaba wa kishiya da uwar miji sunayen cututtuka. Ni har ƙanena na yanke wa ciwon damuwa, ashe bashi ake bin sa. Wannan yaron na benci na ƙarshe, kafin komai ki duba ko yana ji sosai, yana ganin allo, yana karyawa kafin ya fito. Ki nemi mahaifiyarsa. In abin ya fi ƙarfinku, asibiti.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba Hedimasta, na gwada da kunun aya a kan tagwayena, shekarunsu biyar. Kokawa suka yi a kan kwalbar har ta kife a tabarma. Dorinar kuwa akwai ta, aji huɗu, jadawalin sau bakwai.

Yaron na dawo da shi benci na gaba tun Litinin. Har yanzu bai ce uffan ba, amma jiya ya kwafe abin da ke allo duka, abin da bai taɓa yi ba. Mahaifiyarsa ta ce za ta zo ranar Alhamis. Nas, in ido ne, a asibitin sha-ka-tafi za a iya auna shi, ko sai mun je babban asibiti?