In ɗauki buhun garin guga yanzu ko in jira ya sauka?

Mai Duwatsu: Salam 'yan'uwa, shawara nake nema dan Allah. Ina da ƙaramin injin nan mai juya duwatsu har su yi sheƙi, yawanci aƙiƙ nake sawa. Garin guga, wato garin da ake zubawa a injin ya goge duwatsun, mai kaushi lamba 60/90 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), shi ya fi ƙare min. Wanda nake saye a wurinsa ya ce sabon kaya da tsada zai zo, wai in ɗauki buhun kilo 25 tun yanzu. Ni kuma na ga ɗanyen mai yana sauka, kuma an ce da kayan mai ake yin garin. Kilo ɗaya-ɗaya na saba saye, in na ɗauki buhu kuɗin da na ware wa sabon bel sun tafi. In saya ko in jira?

Dogo: Wa alaikumussalam. Wane irin inji ne naka, mai juyawa ko mai girgiza? Koma mai girgiza kawai, ba ya cin gari.

Mai Duwatsu: Ai na ce mai juyawa ne Malam Dogo, kuma ba inji nake tambaya ba.

Injiniya: Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba amma rabin magana ya faɗa. Silikon kabaid ne garin, yashi ake haɗawa da kok, wato gawayin da ke saura a matatar mai, a gasa su a tanderun lantarki da zafin da ya haura digiri 2000. Tun shekarun 1890 da wani mai suna Acheson ya gano hanyar a Amurka haka ake yi. Wuta ce babbar mai cin kuɗin, sai niƙa da tacewa lamba-lamba, sai jigila tunda akasarinsa daga Chaina yake fitowa. Saukar farashin gangar ɗanyen mai ba za ta iso buhunka wannan watan ba.

Baba Tsoho: Ɗana kar ka saya. Ni da ka gan ni an yi da ni. A 2010 Chaina ta rage fitar da ma'adanan nan da ake samun seriyom oksaid a ciki, garin sheƙi na ƙarshe, zuwa 2011 kuɗinsa ya haukace, dillalina ya riƙa kirana safe da yamma wai in ban tara ba shekara mai zuwa ko gani ba zan yi ba. Na sayar da injina ɗaya na tara. Ba a daɗe ba farashi ya faɗo warwas, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Bai ishe ni ba, yaron da ke taya ni ya tsoma cokalin gari mai kaushi a cikin bokitin garin sheƙin da na tara, kun san ƙwaya kaɗan ta isa, duk dutsen da na sa sai ya fito da karce, sati huɗu inji na juyawa dare da rana a banza. Har yau bokitin na nan ina kallonsa.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba. Ba a iya tace shi?

Baba Tsoho: Da me za ki tace 'yata? Gari ne kamar hoda.

Dogo: Baba ka ajiye wa jikoki, gado ne 😂

Injiniya: Baba da girmanka, seriyom daban silikon kabaid daban. Naka ƙasa ɗaya ce ta riƙe wuyansa. Kuma gari mai kaushi ba ya lalacewa in dai bai jiƙe ba, ko shekara nawa zai yi.

Baba Tsoho: Kai a takarda ka karanta, ni a aljihuna na karanta. Ka taɓa juya dutse ko sau ɗaya?

Maman Ilham: Ni dai wurin da nake oda bai ƙaru ba tun bara, sai ma ragi da suka yi min da na ɗauki kilo 5.

Sarkin Aƙiƙ: Hajiya duba lambar da kyau. Nawa ya kusa ninkawa, kuma ledar ta ƙanƙance. Ko dai tsohon kaya suke ƙarar miki da shi.

Maman Ilham: Lamba 500 ce.

Sarkin Aƙiƙ: To ai shi 60/90 yake magana.

Tsohon Direba: Ku bar batun gari, wai wa ya taɓa ganin saukar ɗanyen mai ta iso shi? Ranar da aka ce ganga ta hau, kafin la'asar gidan mai sun canza allo. In ta sauka kuwa sai ka ji wai tsohon kaya ne a tanki, sai ya ƙare. To ranar hawan ba tsohon kaya ba ne a tankin?

Oga Manaja: Na yi shekaru ina riƙe gidan mai, bari in faɗa muku. Mai gida yana kallon kuɗin da zai sayi tanka ta gaba ne, in ya sayar a tsohon farashi ba zai iya cikowa ba. Kuma ganga lita 159 ce, ba duka ke zama fetur ba, ga tacewa ga dako ga haraji.

Tsohon Direba: Madalla. To in ta sauka me ya hana shi kallon tanka ta gaba? A Afrilun 2020 ɗanyen man Amurka har ƙasa da sifili ya yi, waye aka biya ya sha mai?

Dogo: Ni na je da jarka biyu a biya ni, maigadi ya koro ni.

Oga Manaja: Wancan cinikin takarda ne na masu kwangila da suka rasa wurin ajiya, ba man famfo ba.

Tsohon Direba: Kullum da amsa a bakinku. Famfon ma lita goma kake biya a zuba maka tara.

Mai Duwatsu: Jama'a buhun fa? Mutumin ya ce zuwa jibi zai ba wani.

Sarkin Aƙiƙ: In za ka raba mu raba, rabi-rabi. Amma sai na ga garin da idona.

Tsohon Direba: Oga Manaja ban ji ka ba kan maganar litar.