Wai OOP (salon rubuta kod ɗin kwamfuta kilas-kilas, wani na gadon wani) yaudara ce in aiki ya girma?

Mai Kod: Wallahi yau raina ya gama ɓaci. Mu 40 ne a kan firojek ɗaya, wani ya shiga uwar kilas, wato sashen kod da sauran ke gado, ya canza layi biyu kacal, kilas 17 da suka gaje ta duk suka watse, ga gadon nan hawa shida, sai ka bi daga jika har kakan kaka kafin ka gano inda abu ya lalace, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni dai na faɗa, OOP yaudara ce, tana da daɗi in ku biyu ne amma da an yi yawa shi ke nan.

Ɗan Java: Yaudara fa ka ce? Haba malam, ka auna kalmar nan kuwa? Wa ya yaudare ka? Tun 1995 ake aiki da yaren OOP na Java, bankuna nawa ke kanta, duk an yaudare su ne?

Baban C: Eh yaudara ce mana. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, tun 1991, dubban mutane ke sa hannu a ciki, da yaren C aka gina ta, ina kilas ina gado?

Hajiya Injiniya: Yaya Baban C, buɗe kod ɗin Linux ka duba sashen da ake kira file_operations. Tsarin OOP ne aka ɗinka da hannu a cikin C, suna kawai ba a ba shi ba.

Baban C: Ƙanwata, abin da ba a kira shi OOP ba ai ba OOP ba ne.

Ɗan Java: Ni fa a janye kalmar nan tukuna. Yaudara sai da niyya. Kana nufin Dahl da Nygaard da suka yi Simula, yaren OOP na farko, a Norway a 1967 sun zauna ne su cuce ka?

Mai Kod: Ba su nake nufi ba, ina maganar gado ne.

Tsohon Hannu: Simula kuma? Alan Kay ne ya raɗa sunan OOP, shi da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox PARC suka yi yaren Smalltalk, kuma shi aika saƙo tsakanin abubuwa ya fi damunsa ba gado ba. Abin da kuke yi a Java ɗin nan ma ba shi ba ne.

Ɗan Java: To ina Smalltalk ɗin yanzu? Komai a dunƙule cikin fayil ɗaya, mutum goma su haɗa aikinsu ya zama tashin hankali.

Tsohon Hannu: Yaro, ka taɓa buɗe ta ko ji ka yi?

Ɗan Java: Kar ka sake ce min yaro, Baba.

Hajiya Injiniya: Yaren Go da Google ta fitar a 2009 ba shi da gado sam, da gangan aka cire. Gadon nan shi ne matsalar Mai Kod, kuma babu wanda ya tambaye shi ko suna da gwaji kafin a haɗa kod.

Mai Kod: Akwai, amma bai taɓa kilas ɗin nan ba.

Admin: To jama'a ya isa haka. A taƙaice an yarda kalmar yaudara ta yi tsauri, Java ta nuna tana ɗaukar babban aiki, laifin na wanda ya taɓa uwar kilas ne. Maganar C da Smalltalk ba su shafi batun ba. Na rufe.

Baban C: Wa ya yarda? Admin kai ma ai Java kake rubutawa.