Masu ƙwai a daskare, ku matso mu yi magana

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙwai uku da suka rage a daskare tun IVF ɗin da aka yi min na Ilham, wato haɗa ƙwaina da maniyyin Abbanta a lab, duka 'yan kwana biyar ne. Yanzu na yaye ta, Abbanta ya ce mu koma. Likita ya ba ni zaɓi, ko a bi al'adata yadda take zuwa, ko a ɗora ni kan Progynova, maganin da ke sa bangon mahaifa ya yi kauri, a shirya mahaifa da magani. Wadda ta taɓa yi, wanne ya fi? Kuma wai narkarwar nan ba ta lalata su? Wallahi ita ke hana ni barci.

Ummu Haidar: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a dace, ya ba Ilham ƙanne masu albarka.

Hajiya Turai: Amin. Al'adar taki tana zuwa a kan lokaci?

Maman Ilham: Tana zuwa Hajiya, da wuya ta saɓa.

Sista Rabi: Maganar narkarwa ki kwantar da hankalinki ƙanwata. Yanzu an bar daskarewar da, wadda ake yi sannu a hankali har ƙanƙara ta taru a cikin ƙwan ta ji masa ciwo. Yanzu jiƙa shi ake fara yi a wani ruwan magani mai zuƙe ruwan jikinsa, sai a tsoma shi farat ɗaya cikin ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Kafin ƙanƙara ta samu sarari ya riga ya sandare kamar gilashi. Ranar dashe da safe mai lab zai ciro ɗan tsinken da aka ɗora ƙwan a kai, ya tsoma shi kai tsaye a ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Daga nan ya bi da shi ta wasu ruwaye masu sukari, kowane bai kai wanda ya gabace shi ƙarfi ba, don maganin ya fice, ruwa ya koma jikinsa a hankali. Aikin 'yan mintoci ne. Sai a mayar da shi na'urar ɗumi a ɗan jira a ga ya sake kumbura, alamar yana raye ke nan. In lab ɗin na kirki ne, sama da 90 cikin 100 suna farfaɗowa.

Maman Biyu: To Sista in NEPA suka ɗauke fa? Ni kullum shi nake tunani, 'ya'yan mutane a firji a ƙasar nan 😂

Sista Rabi: Ba firji ba ne Maman Biyu, tanki ne, kuma ba ruwansa da wuta. Sai dai naitirojin ɗin yana tsiyayewa a hankali, dole a riƙa ƙara shi. Nan ne ake samun sakaci, kuma ba mu kaɗai ba. A 2018 a birnin Cleveland na Amurka tanki ya samu matsala, ƙwai kusan 4,000 suka salwanta. Na'urar ɗumin ce ke buƙatar wuta dare da rana. In kin je ki tambaye su wa ke duba tankin, kuma akwai ƙararrawa in ya yi ƙasa.

Aunty Zee: Maman Ilham, ni dai ki ajiye zancen wanne ya fi tukuna, ki saurari abin da ya same ni, don ba na fatan ko maƙiyiyata ta shiga.

Da magani aka shirya ni. Na sha Progynova, aka yi sikanin aka ce bangon mahaifa ya yi kauri yadda ake so, aka ce in fara matsin Cyclogest, aka sa min ranar Talata. Mun riga mun sauka Abuja, mun kama masauki. Litinin da daddare waya ta shigo, wai likita ya yi tafiyar gaggawa, in zo Alhamis. Na ce to maganin fa? Yarinyar ta ce min "Madam ki ci gaba da sakawa kawai." Shi ke nan, ba wanda ya sake lissafi. Sai daga baya wata likitar ta zaunar da ni ta yi min bayani, cewa matsin nan shi ke buɗe mahaifa ta karɓi ƙwai, kuma buɗewar ta ɗan lokaci ce. Ɗan kwana biyar ana saka shi ne a rana ta shida da fara matsi, don kwanakinsa su zo daidai da na mahaifar. Ni nawa ya kai rana ta takwas.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun shi ya fi ƙona min rai. Tun daga gida mun yanke da Oga ɗaya za a saka, saboda ta fari da tiyata na haife ta, hawan jini kuma ya kusa tafiya da ni. Ran Alhamis na ɗirki ruwa yadda suka ce, mara ta cika taf, ina zaune a benci ina matse ƙafafu, sai ga mai lab ta leƙo da fara'arta wai albishirinki, duka biyun sun tashi lafiya. Na ce biyun wa? Ashe huɗun da suka rage min bibbiyu aka ɗora su a tsinke ɗaya. In an ciro tsinke, duk abin da ke kai ya narke. Ba wanda ya taɓa faɗa min. Aka ce ko a saka duka, ko a sake daskarar da ɗaya da sabon kuɗi, in zaɓa yanzu. Fitsari ya matse ni har idona na ruwa, Oga yana can waje wayarsa ba ta shiga. Na ce ku saka.

Bai zauna ba. Ban ce su suka hana ba, Allah ne mai bayarwa. Amma biyu suka tafi a zama ɗaya, a ranar da ba ita ce ranar ba, ko haƙuri ba wanda ya ba ni. Don haka ki sa su rubuta miki a takarda: nawa ne a kowane tsinke, wace rana da wane lokaci za ki fara matsi, kuma in likitanki bai samu zuwa ba wa zai yi a madadinsa.

Ummu Haidar: Innalillahi. Sannu Aunty Zee, Allah ya musanya da mafi alheri.

Amarya 2020: Wane asibiti ne don Allah? A faɗa mana mu kiyaye.

Uwar Zaure: Ba a kama sunan asibiti a nan, kun san doka. Mai son sani ta bi Aunty Zee ta gefe.

Amarya 2020: To ranki ya daɗe. Amma ni fa gaskiya da za a ce min biyu sun tashi, guɗa zan rangaɗa. Kuɗi ɗaya, 'ya'ya biyu, wa zai ƙi?

Maman Biyu: Ni zan ƙi. Haka na ce lokacin nawa. Bakwaini na haife su, suna kwalba ina gida ina tatsar nono ana kai musu a kula. Kuɗin da muka ce mun tsira da shi ya tafi a can har da ƙari. Alhamdulillahi suna nan suna fasa min kofuna, amma ki bar ganin su a hoto da kaya iri ɗaya.

Amarya 2020: Ai ke kin samu ne shi ya sa. Mu da ke nema ko uku ne a zuba.

Maman Biyu: Allah ya ba ki, amma ba gori na yi miki ba.

Hajiya Turai: Ku bar wannan. Ƙanwata abin da zan ce miki shi ne hutu. Ni da aka yi min, sati biyu cur ban sauko daga gado ba sai alwala, ƙafa a kan matashi. Ko tsintsiya ban ɗauka ba.

Sista Rabi: Hajiya a gafarce ni, amma an bincika wannan, kwanciyar ba ta ƙara komai. Dashen kansa bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba, ba a ma sa mutum barci. Ƙarfen nan na awo za a saka, a ɗora na'urar sikanin a mara, a zura siririn bututu ta bakin mahaifa a ajiye ƙwan. Cikar marar don a ga hanya sosai ne. Mai lab ya duba bututun a madubi ya tabbatar bai maƙale ba, shi ke nan. Ki tashi ki yi fitsarinki, ba zai faɗo ba, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ki guji ɗaukar abu mai nauyi da wahalar da kai, amma ki yi zirga-zirgarki.

Hajiya Turai: To ni dai na kwanta kuma ga Muhsin nan yana aji uku.

Ummu Haidar: Sista don girman Allah ki goge wannan kafin mazajenmu su gani. Sati biyun nan kaɗai muke samu ba girki 😂

Amarya 2020: Wai da gaske ne an haifi yaro da ƙwan da ya shekara talatin a daskare?

Sista Rabi: Gaskiya ne, a Amurka, a 2025, ƙwan tun na 1994. Cikin na farko-farkon da aka haifa da daskararren ƙwai kuwa akwai wata a Ostireliya, 1984. Shi ƙwan shekarun da kike da su ranar da aka ciro shi yake riƙewa, zaman tanki ba ya tsufar da shi.

Malama Hafsatu: Sai dai a lura, wancan na Amurkan ƙwan wasu ma'auratan ne daban aka ba su, wannan kuwa bai halatta a gare mu ba. Fatawar Muftin Masar ta 1980 da matsayar Majalisar Fiƙihu da ta zauna a Amman a 1986 duk a kan sharaɗi suke: ƙwan matar, maniyyin mijinta, mahaifarta ita, kuma igiyar aure tana nan. In aure ya mutu, ko miji ya rasu, ba a dasa abin da ya rage. Masu ajiya ku san da wannan.

Maman Biyu: Malama in kishiya ta ɗaukar min fa? Ai miji ɗaya ne 😂

Malama Hafsatu: Dariya kike yi amma an tattauna shi. Majalisar malamai ta Makka ta halatta a 1984, shekara na zagayowa ta janye, saboda kishiyar za ta iya ɗaukar nata cikin a lokacin a rasa gane na wace.

Ummu Haidar: Tawa ko kwanona ba ta ɗaukar min balle ciki.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai 'yan uwa, Aunty Zee na rubuta tambayoyinki. Amma har yanzu ba wadda ta ce min al'ada ko magani.

Sista Rabi: Af, mun shagala. Wajen samun haihuwa kusan kunnen doki suke. Mai al'ada a kan lokaci irinki, bin al'adar yana da daɗinsa: magani kaɗan, jikinki ne ke yin aikin, kuma bincike ya nuna hawan jinin ciki ya fi yawa ga waɗanda aka shirya da magani zalla. Wahalarsa sikanin a kai a kai don a kama ranar da ƙwanki ya fita, ranar dashen kuma jikinki ne zai sa ta, ko ta faɗo Lahadi. Na magani an fi iya tsara rana, amma in ciki ya shiga ba a ajiye Progynova da matsi sai wajen sati goma zuwa sha biyu, ko kin ga ɗigon jini kar ki tsaya sai likita ya ce.

Maman Ilham: Matsalar daga Gusau nake zuwa. Sikanin a kai a kai ɗin nan ne ban san yadda zan yi ba.

Hajiya Turai: To ki sha maganinki kawai, hanyar nan ba ta yawan bi ba ce.

Aunty Zee: Ko ki tare a Abuja gaba ɗaya watan. Ba ki da kowa a can?

Maman Biyu: Duk wanda kika zaɓa, kar ki bar Cyclogest a jaka cikin mota. Nawa narkewa ya yi tsakanin Zariya da Kaduna, na ɓare takardar sai mai ya zubo min a hannu. Ki sa shi a ƙaramar kula.

Amarya 2020: Ni tambayata, kwana nawa bayan dashe kuka fara ganin layi biyu a gwajin fitsari?

Sista Rabi: Ki jira na jini Amarya, wajen kwana goma zuwa sha huɗu. In an yi miki allurar fasa ƙwai, wato mai sa ƙwanki ya fita, ita kaɗai tana iya nuna layi biyu na ƙarya.

Amarya 2020: Sista na riga na sayi kwali guda.