Abin da muka tattaro kan hotunan kansar furostet ɗin Baba

Jiya bayan isha'i mun zauna a majalisarmu ta Jekadafari nan Gombe, da wani ma'aikacin jinya da dattijai biyu da suka sha fama da ciwon nan na furostet (wata 'yar gaɓa ce a ƙasan mafitsarar maza), saboda takardun Baba sun rikita mu wallahi.

Abu na farko da suka nanata, hoto daban, zafin ciwo (wato saurin girma da yaɗuwarsa) daban. Hoton MRI yana nuna inda ƙarin yake da ko ya fasa fatar furostet ɗin, hoton ƙashi kuma ana yinsa ne don a duba ko ya yaɗu zuwa ƙashin baya ko ƙugu tunda can ya fi zuwa, amma zafinsa daga naman da aka ɗiba aka kai dakin gwaji ake sani, wato makin Gleason, daga 6 zuwa 10. Shida mai sanyin tafiya ne, wani lokacin sa ido kawai ake yi ana maimaita gwajin jini na PSA, 8 zuwa 10 kuwa ba a wasa da shi. Na Baba 7 ne. Makin jimillar lambobi biyu ne, ta farko ita ce ta nau'in ƙwayoyin kansar da ya fi yawa a naman, kuma ashe 3+4 ya fi 4+3 sauƙi, ni sai jiya na san haka, na ɗauko takardar na haska da fitilar waya muka gani tare.

Wani dattijo ya ce wa Baba, Alhaji kar tabo a hoton ƙashi ya tayar maka da hankali, tsohon karaya ko amosanin gaɓɓai ma kan fito. A kwashi faifan hoton da duk takardu a kai wa likita, a tafi da wanda zai rubuta bayani.