Neman shawara: ina so in mayar da manhajar injinmu kan Raspberry Pi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne nake kula da injin cika kwalabe a wurin aikinmu. Kwamfutar da ke sarrafa shi ta tsufa tukuf, Windows XP ne a kanta, manhajar kuma da Visual Basic 6 aka rubuta ta, wanda ya rubuta ɗin ya daɗe da barin aiki. Ta wayar RS-232, wata tsohuwar wayar aika bayanai, take magana da injin. Makon jiya fankar cikinta ta tsaya, kwamfutar ta ɗauki zafi ta mutu ana tsakiyar aiki, bawul a buɗe, kwalabe suka yi ta ambaliya har ƙasa ta jiƙe sharkaf. Rubutun manhajar na asali yana hannuna. Tunanina in sake rubuta ta da yaren Python in ɗora a kan Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta. Ya kuka gani?

Tsohon injiniya:
Wa alaikumus salam. Canjin kam ya zama dole, tun Afrilun 2014 Microsoft ta daina tallafa wa XP. Sai dai kar ka jibga wa Pi kayan duka. Linux na yau da kullum, wato tsarin da Pi ke aiki da shi, ba ya cika alkawarin lokaci: ka ce ya rufe bawul yanzu, sai ya shagala da wani aikin ya makara. Ka bar masa allon nuni da ajiye bayanai, buɗewa da rufewa kuwa ka ba ƙaramin PLC, wato na'urar da aka ƙera don sarrafa injina, su riƙa magana da yaren Modbus a kan wayar RS-485. Tun 1979 ake amfani da Modbus, na'urorin masana'anta da yawa suna jin yarensa.

Mai rubuta manhaja:
Yallabai, ai an samu ci gaba. PREEMPT_RT, gyaran da ke sa Linux ya kiyaye lokaci, ya shiga Linux 6.12 a Nuwamban 2024, jinkirin ya ragu sosai.

Tsohon injiniya:
Ya ragu, ɗana, ban musa ba. Amma Python ɗin fa? Lokacin da ta ga dama take tsayawa sharar ƙwaƙwalwa, wato share bayanan da ta gama amfani da su.

Mai lantarki:
Ni abin da ya taɓa ƙona ni zan faɗa maka. Ƙafafun Pi, inda ake jona wayoyi, volt 3.3 suke ɗauka, siginar injinan masana'anta galibi volt 24 ce. Na taɓa haɗawa kai tsaye, ƙaurin da na ji har yau ban manta ba. Ka sa optokofla tsakaninsu, wato 'yar na'urar da ke miƙa sigina ta haske ba tare da wutar ta haɗu ba. Katin SD kuma yana lalacewa in wuta ta ɗauke yana cikin rubutu, gara Compute Module, wani nau'in Pi, mai ma'ajiyar eMMC da ke manne a jikinsa. Maɓallin tsayarwar gaggawa kuwa kar ya bi ta kowace manhaja, waya da rile (makunnin da wuta ke motsawa) kawai. Bawul ɗin ma ka nemi mai rufe kansa in wuta ta yanke.

Mai rubuta manhaja:
Kafin ka taɓa komai, ka naɗi duk abin da ke wucewa ta RS-232 ɗin na 'yan kwanaki. A tsohon rubutu za ka ga ɗan jinkiri da kamar ba shi da dalili, in ka cire shi, sai injin ya fara cika kwalba rabi. Sabuwar manhajar ta fara aiki a gefe tana saurare kawai, kana kwatanta su.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, bawul ɗinmu mai zama a buɗe ne. Da shi zan fara gobe in sha Allahu.