Waƙar taro ta 'yan Hindu: wa ya taɓa gani da idonsa?

Amaryar Noida

Assalamu alaikum jama'ar gida. Watanmu biyu ke nan a Greater Noida ta ƙasar Indiya, maigida ne ke karatu, ni ina gida da yarinya. Duk Talata bayan azahar matan benenmu kan taru a ɗakin wata dattijuwa da ke ƙasanmu, su yi ta waƙa har la'asar sakaliya. Ɗaya ta ba da baiti saura su amsa, ga ganga, ga tafi, ga wani ƙarfe mai ƙara cas-cas. Da fari na ɗauka biki ake yi, sai na ga ba amarya ba ango, kuma bikin ya ƙi ƙarewa. Jiya dattijuwar ta tare ni a matakala, ta riƙe min hannu tana cewa "kirtan, kirtan", tana nuna ƙofarta. Murmushi kawai na yi na wuce. Don Allah waɗanda suka kwana biyu a ƙasar nan, mene ne wannan? Ba na son yi wa tsohuwa rashin kunya, ba na kuma son afka wa abin da ban sani ba.

Ɗan Fagge a Pune

Wa alaikumus salam, Amarya. Ba biki ba ne, ibada ce a wurinsu. Kirtan shi ne mai jagora da 'yan amshi, ana maimaita sunayen abin bautarsu. Akwai kuma bajan, wanda ya fi kama da waƙar yabo mai baitoci. Talata ranar Hanuman ce, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, a wajen mutanen arewacin Indiya, ina jin shi ya sa suka zaɓe ta.

Ni ban san girman abin ba sai a daminata ta farko a nan. Na fito za ni makaranta na tarar an rufe titi, ba mota ba babur, sai mutane iya ganinka. Maza sanye da farare da farar hula, riƙe da tutoci ruwan goro, mata kuma da tukunyar wani tsiro da suke girmamawa, tulsi, a bisa kai. Warkari ake ce musu. Duk shekara sukan taso a ƙafa daga Alandi da Dehu, garuruwan waliyyansu biyu, Dnyaneshwar wanda ya rayu a ƙarni na 13 da Tukaram na ƙarni na 17, su nufi garin ibadarsu Pandharpur. Tafiyar kusan kilomita 250 ce, ta kusan mako uku, kuma ta tsakiyar Pune suke ratsawa. Shanu ne ke jan keken da aka ɗora takalman azurfa na waliyyin.

Abin da ya tsayar da ni shi ne tsarin. Ba tafiyar tumaki suke yi ba, rukuni-rukuni ne, kowane da mai gangarsa a tsakiya, saura kowa da 'yan faya-fayan tagulla biyu yana gwarawa. Ƙarar tagullar nan ce ke riƙe musu ƙafa, kamar yadda waƙar daka ke riƙe wa mata taɓarya. Baitocin Tukaram suke rerawa da yaren Marati, daga ka, ba takarda, kuma yawancinsu manoma ne. In sun gaji da dogon baiti sai su koma kan sunayen waliyyan nan biyu kawai, "Gyanba Tukaram", su yi ta juyawa. Awa uku na yi a gindin wani shago ban ga ƙarshensu ba. Wani tsoho ya taka ni, ya juyo ya ce "Mauli", har yana neman taɓa ƙafata. Daga baya abokin karatuna ya ce ma'anarta uwa, kuma haka suke kiran junansu a hanyar, namiji ko mace, babba ko yaro.

Hajiya Mai Jinya

Ni nawa ba mai hayaniya ba ne. Na kai Alhaji asibiti a Chennai cikin watan Disamba, muka kama ɗaki a unguwar Mylapore. Mai jinya ba ta barci, don haka bayan asuba nakan tsaya a taga. Gari bai waye ba mata sun share ƙofar gida suna zana ado da garin shinkafa a ƙasa. Can sai ga maza kamar ashirin, wasu da mayafi kawai a kafaɗa, suna tafe a hankali. Ɗaya ya rataya wani akwatin kiɗa a wuya, hannu ɗaya na danna shi ɗaya na zuga shi kamar zugazugin maƙeri. Suna kewaya titunan da ke zagaye da babban ɗakin bautarsu, su tsaya, su rera, su ƙara gaba. Mai gidan da muka sauka ta ce watan Margazhi ne, daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, kuma kullum sai sun fito.

Akwai wani tsoho a sahun baya, muryarsa ma ba ta fita, bakinsa kawai ke motsi, hawaye na bin gemunsa. Ban san me ke cinsa ba. Ni ma a lokacin ina da nawa, sai na koma kan sallayata na ɗauki carbina. 'Yata, ki gaishe da tsohuwar nan da kyau ko ba ki shiga ba, ba ta nufe ki da sharri ba.

Baban Sadik

Ku dai kun ga mai daɗin. Ni a Delhi na gamu da wanda suke kira jagran, na kwana zaune, wanda ake yi wa allahiyarsu Durga. Da yamma na dawo na tarar an kafa rumfa ta toshe layinmu kaf, an jera lasifika kamar za a yi kamfe. Washegari ina da jarrabawa ƙarfe tara. Wallahi gilashin tagata rawa yake yi har uku na dare. Wannan ba irin na matan benenku ba ne, mawaƙan haya ake ɗaukowa, har da ɗaukar karin waƙoƙin fim a sauya kalmomi. Kuma fa akwai doka, tun 2005 kotun ƙolin Indiya ta hana lasifika daga goma na dare zuwa shida na safe. Na faɗa wa mai gidanmu, ya ɗaga kafaɗa ya ce dare ɗaya ne.

Ɗan Fagge a Pune

Baban Sadik, kai da ka tashi a Kano kake kukan rumfa a titi da lasifikar dare? Ai gida ka tarar a dawa.

Baban Sadik

Na gida aƙalla ina jin abin da ake faɗa.

Ɗalibi a Kolkata

Batun sauya kalmomi ya ba ni dariya, don mu ma an yi. A Kano masu bege da bandiri sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Annabi a kai.

Ni malaminmu na tarihi ne ya kai mu Mayapur, kamar kilomita 130 arewa da Kolkata, a bakin kogi daura da Nabadwip. A yankin aka haifi Chaitanya a 1486, mutumin da ya fito da kirtan daga cikin ɗaki zuwa kan titi. Koyarwarsa ita ce a wannan zamani ambaton suna cikin taro ya fi komai, kuma ba ruwansa da asalin mutum, abin da ba ƙarami ba ne a ƙasar da aka kasa mutane ɗabaƙa-ɗabaƙa tun daga haihuwa. Mabiyansa na ba da labarin cewa alƙalin garin, Musulmi, Chand Kazi, ya taɓa fasa musu ganga ya hana waƙar. Chaitanya ya tara jama'a da dare da jiniyoyin wuta suka nufi gidansa suna waƙa, aka zauna aka yi magana, ya janye hanin. An nuna mana kabarin alƙalin, kuma mabiyan Chaitanya ne ke ziyartarsa.

Yadda abin ke tafiya shi ne ban mamaki. Kalmomi 16 ne kacal, daga sunaye uku, Hare da Krishna da Rama. Jagora ya fara a sanyaye kamar mai lallashin yaro, a amsa. Ya sake, a amsa. Mai gangar, wadda cikinta yumɓu ne, ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan yadda ba ka ankara, kafin rabin awa mutanen da suka zo a natse suna tsalle hannuwa a sama. Sai a yanke ɗif. Shirun da ke biyo baya ya fi kiɗan nauyi. Na lura kuma ba 'yan kallo, duk wanda ke ciki ɗan amshi ne, mai murya da marar murya, shi ya sa tsayuwarmu a gefe ta fito fili. Turawa da 'yan Afirka birjik a wurin, saboda nan ce cibiyar ƙungiyar Hare Krishna da wani malaminsu, Prabhupada, ya kafa a New York a 1966.

Ɗan Nima

Ba sai kun je Indiya ba. A nan Accra, unguwar Odorkor, akwai gidan ibadar Hindu da yawancin masu zuwansa 'yan Gana ne. Wanda ya jagorance shi, Swami Ghananand, ɗan ƙasa ne, an naɗa shi a 1975, ya rasu a 2016. Na taɓa sauke fasinja a ƙofar, na ji waƙa na tashi da harshen Indiya, na leƙa ina zaton zan ga Indiyawa. Baƙaƙe ne kamar ni da kai, zaune a ƙasa ba takalmi, suna tafi. Bugun gangar dai hannun ɗan Gana ne, wannan ba ya ɓuya.

Malam Na-Gwale

Na karanta duka. Sanin abin da maƙwabci ke yi ba laifi ba ne, yana ma hana raini da zargi. Amma kada kamannin amshi da ganga su sa a ce ai duk ɗaya ne da zikiri ko maukibi. Wanda ake kira ya bambanta, kuma su da kansu ba su ce nishaɗi suke yi ba. Amarya, tunda bauta ce, ba na ba ki shawarar zama a ciki. Sannan a ƙarshe sukan raba abin zaƙi da aka fara miƙa wa gunki, prasad suke ce masa. Ki san da wannan tun kafin a miƙo miki, ki shirya kalma mai laushi.

Injiniya a Mumbai

Malam, wani lokacin shi ke tarar da kai. A jirgin ƙasan da nake bi zuwa aiki akwai tarago da aka san shi da 'yan bajan. Ma'aikata ne, kullum jirgi ɗaya, ƙofa ɗaya. Su rataya jakunkuna, ɗaya ya fito da tagulla daga aljihu, wani ya mai da bangon jirgi ganga, har tashar ƙarshe. Kowa ya sauka ya gyara kwalar riga ya nufi ofis kamar ba shi ba. Ranar da nake son barci nakan canza tarago.

Amaryar Noida

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allahu zan sauka in gaishe ta. Ina da sauran dambun naman da Umma ta haɗo ni da shi, zan ɗiba mata.

Hajiya Mai Jinya

Kul, 'yata! Da yawansu ba sa cin nama, wasu ko ƙwai. Kai mata dabino.

Amaryar Noida

Hajiya kin cece ni. Na je da dabinon ranar Litinin. Jikarta ce ta yi mana tafinta. Na ce mata ni Musulma ce, ba zan iya zama wurin waƙar ba, amma na ji daɗin gayyatar. Ta yi dariya ta ce ta sani, tana ganina da hijabi, ita dai ta ga kullum ina sama ni kaɗai ne. Ta ce su goma sha ɗaya ne, shekara da shekaru suna yi, kuma duk wadda aka ga ba ta zo amshi ba ranar Talata, da an tashi ake bin ta gida a ga ko lafiya. Ta ba ni shayi, ta ce in riƙa saukowa ranar Laraba, ba waƙa ranar.

Matsalata yanzu 'yar tawa ce. Ta gano murafen tukwanena biyu, tun safe take gwara su.